Yadda Ake Gane Ramin Kwamfuta Mafi Saurin Kwasar Bayanai

Hausawan da ke zaune a Saudiyya ba sa rasa dalilin kwasar manyan fayiloli daga wannan na'ura zuwa waccan. Ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta Madina yakan tara darussan malamai na sauti da na bidiyo na shekara guda, mai yi wa kamfanonin jigilar alhazai aikin ɗaukar hoto yakan sauko daga Mina da katin kyamararsa cike fal, uwargida kuma a Jidda takan so ta zuba hotunan walima a filash ta bai wa wanda zai koma gida ya kai wa dangi. Dukansu abu ɗaya ne ke ci musu tuwo a ƙwarya. Kwamfutar tana da ramuka uku ko huɗu, filash ɗin yana shiga kowanne daga cikinsu ba gardama, amma aikin da wani rami zai kammala cikin minti biyu, wani sai ya kusa cinye rabin awa a kansa. Ana iya gane ramin da ya fi sauri da ido tun kafin a fara aiki, sannan a tabbatar da abin da ido ya gani daga cikin kwamfutar kanta.

Kafin a duba ramukan, ya kamata a san ma'anar lambobin da ake rubutawa a kwali. Kamfanoni suna auna gudun rami da bit, alhali girman fayil da bait ake auna shi, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Tsarin USB 2.0, wanda ya fito a shekarar 2000, an rubuta masa megabit 480 a kowane sakan, wato megabait 60 idan an raba da takwas, amma a aikace da wuya ya wuce megabait 40, domin wani ɓangare na hanyar yana tafiya ne a kan saƙonnin da na'urorin biyu ke yi wa juna. USB 3.0 na shekarar 2008 yana da gigabit 5, wanda a aikace yake ba da kusan megabait 400 a sakan. A 2013 aka samu mai gigabit 10, a 2017 mai gigabit 20, sannan USB4 ya zo a 2019 da gigabit 40. Idan mutum yana da bidiyo na gigabait 50, tsohon ramin zai riƙe shi kusan minti 24, mai gigabit 5 zai sallame shi cikin minti biyu da 'yan sakanni, mai gigabit 10 kuwa ba zai cika minti ɗaya ba, matuƙar ma'ajiyar da ake zuba wa bayanan tana iya karɓarsu da wannan gudun.

Ƙungiyar da ke tsara USB ta jawo wa masu saye ruɗani da ta riƙa sauya wa abu ɗaya suna. Ramin da aka fara kira USB 3.0 shi ne aka koma kira USB 3.1 Gen 1, daga baya kuma USB 3.2 Gen 1, kuma duk sunayen uku gigabit 5 ne ba ƙari. Mai gigabit 10 shi ne ake rubuta wa Gen 2, ko da 3.1 ne a gabansa ko 3.2, mai gigabit 20 kuma shi ne Gen 2x2. Saboda haka idan mai shago ya ce kwamfutarsa tana da USB 3.2, bai faɗi wani abu mai amfani ba tukuna, sai ya faɗi Gen nawa ne. A ganina, wanda ya riƙe lambobin 5 da 10 da 20 da 40 a kansa ya huta da sauran sunayen, musamman da yake sababbin kaya sun fara ɗauke da lambar gudun kai tsaye, kamar 10Gbps ko 40Gbps.

Abin da ido ke iya gani

A fara da babban rami mai kusurwa huɗu, wanda ake kira USB-A, domin shi ne ya fi sauƙin karantawa. A cikinsa akwai wani harshe na roba, kuma launin wannan harshen shi ne alama ta farko. Baƙi yawanci USB 2.0 ne, shuɗi kuwa gigabit 5 ne, kuma wannan shi ne launin da masu tsarin suka ba da shawarar a yi amfani da shi. Shuɗi mai ratsin kore ko ja yakan nuna gigabit 10 a kwamfutocin tebur da yawa. Ruwan ɗorawa ko ruwan lemo galibi yana nuna cewa ramin yana ci gaba da ba da wuta ko an kashe kwamfutar, abin da ke da amfani wajen cajin waya amma bai ce komai game da gudu ba. Fari ya zama tarihi, sai a tsofaffin na'urori.

Sai dai launi shawara ce kawai, ba doka ba ce da ta hau kan kowane kamfani. Kamfanin Apple bai bi tsarin shuɗin harshe ba, kuma laftof masu yawa na Dell da HP da Lenovo suna da ramuka masu sauri waɗanda harshensu baƙi ne wuluk saboda ado. Haka nan akwai filash da kebul na jabu da aka rina harshensu shuɗi alhali cikinsu tsohon tsari ne. Don haka shaidar da ta fi launi ƙarfi ita ce ƙirga haƙoran ƙarfen da ke cikin ramin. A kunna fitilar waya, a karkata kwamfutar, a leƙa ƙarƙashin harshen. Ramin USB 2.0 yana da haƙora huɗu kacal a jere. Mai sauri yana da tara, domin bayan waɗancan huɗun akwai wasu ƙanana guda biyar masu faɗi da ke jere a bakin harshen, kusa da inda ake shigar da filash. A jikin filash ko kan kebul kuwa tsarin a juye yake, haƙora huɗun ne a gaba, biyar ɗin suna can ciki, sai an haska sosai ake ganin ƙyallinsu. Filash ɗin da ba shi da waɗannan biyar ɗin ba zai taɓa wuce gudun USB 2.0 ba, komai abin da aka rubuta a ledarsa.

Wannan tsarin haƙoran ne ke haddasa wani abu da mutane ke mamaki. Idan aka tura filash mai sauri a hankali ƙwarai, haƙora huɗun farko suna haɗuwa kafin biyar ɗin su isa, sai kwamfutar ta ɗauka tsohuwar na'ura ce ta buɗe mata hanya mai megabit 480. Maganinsa shi ne a cire a sake turawa gaba ɗaya lokaci guda, ba tare da an yi masa ƙarfi ba.

Bayan launi da haƙora, sai ƙananan alamomin da ake bugawa a gefen rami, waɗanda sau da yawa sai an sa tabarau ko an ɗauki hotonsu da waya an faɗaɗa ake iya karanta su. Alamar USB mai rassa uku ita kaɗai galibi tana nufin tsohon tsari. Idan akwai haruffan SS a jikinta, gigabit 5 ne, idan kuma an ƙara lamba 10 ko 20 a gefen SS ɗin, to lambar ita ce gudun. Hoton batir ko 'yar alamar walƙiya kusa da babban rami mai kusurwa huɗu caji take nufi, kada a rikita ta da walƙiyar Thunderbolt da za a yi bayaninta nan gaba.

Ƙaramin rami da dokar da ta haɗa kan caja

Ƙaramin ramin nan mai zagayayyun gefuna da ake kira USB-C, wanda aka fitar da tsarinsa a 2014, shi ne ya fi yaudarar mutane, kuma a Saudiyya lamarin ya ƙara muhimmanci. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SASO tare da hukumar sadarwa ta ƙasar sun wajabta cewa daga 1 ga Janairun 2025 wayoyin hannu da kyamarori da na'urorin saurare da makamantansu su kasance da wannan ramin, aka kuma tsara mataki na biyu da ya shafi laftof daga 1 ga Afrilun 2026. Doka ce mai kyau da ke rage tarin caja a gida, amma siffar rami ta haɗa, ba ta haɗa gudunsa ba. Ramin USB-C yana iya zama mai megabit 480, yana iya zama mai gigabit 40, kuma a ido babu bambanci tsakaninsu ko kaɗan, domin ba shi da harshe mai launi, haƙoransa kuma sun yi ƙanƙantar da ba a iya ƙirga su. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na iPhone 15 da aka fitar a 2023. Samfurin da ba Pro ba yana da ramin USB-C amma gudunsa na USB 2.0 ne, samfurin Pro kuwa yana kaiwa gigabit 10, duk da haka kebul ɗin da ke cikin kwalinsa na USB 2.0 ne, sai mai shi ya sayi wani dabam kafin ya ci moriyar wannan saurin.

A nan alamar gefen rami ce abin dogaro na farko. Walƙiya mai kan kibiya kusa da ramin USB-C tana nufin Thunderbolt, tsarin da kamfanin Intel ya ƙirƙira tare da Apple. Thunderbolt 3 na 2015 da Thunderbolt 4 na 2020 dukansu gigabit 40 ne, wanda a aikace yake ba da kusan megabait 2,800 zuwa 3,000 a sakan da ma'ajiyar da ta dace, Thunderbolt 5 kuma ya kai gigabit 80. Harafin D ko DP yana nuna cewa ramin yana iya fitar da hoto zuwa babban allo. Idan laftof tana da ramukan USB-C biyu, ɗaya da walƙiya ɗaya babu, mai walƙiyar ne ya cancanci ma'ajiyar bayanai, ɗayan kuma a bar wa caja idan yana karɓar caji. Akwai kuma wani tarko da ya kamata mai shirin kashe riyal da yawa ya sani. Ma'ajiyar da aka rubuta wa gigabit 20, wato Gen 2x2, ba ta samun wannan gudun a kwamfutocin Mac da kuma ramukan Thunderbolt da yawa, sai ta sauko zuwa gigabit 10, domin hanyar da take bi dabam ce da tasu. Wanda ya biya kuɗin ashirin yana iya komawa gida da goma, kuma ba laifin mai shago ba ne.

Tambayar kwamfutar da kanta

Idan babu wata alama a jikin ramin, ko ta goge saboda daɗewa, sai a koma cikin kwamfutar. Da yake kwamfutoci da dama da ake saye a hannu a nan da Larabci aka saita Windows ɗinsu, hanyar da ba ruwanta da harshe ita ce a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta devmgmt.msc a akwatin da ya fito, a danna Enter. Wannan zai buɗe Device Manager, wanda a Larabci aka rubuta Idaratul Ajhiza. A gangara ƙasa zuwa sashen Universal Serial Bus controllers a buɗe shi. Idan aka ga layi mai ɗauke da eXtensible Host Controller tare da lamba 3.0 ko 3.1 ko 3.2, kwamfutar tana da aƙalla wasu ramuka masu sauri. Idan Enhanced Host Controller kaɗai aka gani, tsohuwa ce da ba ta wuce USB 2.0 ba.

Raunin wannan hanyar shi ne tana faɗin abin da kwamfutar ke iyawa gaba ɗaya, ba ta nuna wane rami ne na hagu ko na dama. Wanda ke son amsa a kan kowane rami ɗaya bayan ɗaya ya fi masa ya sauke 'yar manhajar nan ta kyauta mai suna USB Device Tree Viewer, ya saka filash ko ma'ajiyar da ya tabbatar tana da sauri, ya duba gudun da manhajar ta nuna an haɗa ta da shi, sannan ya cire ya gwada rami na gaba. Kalmar High-Speed a wurin tana nufin megabit 480 ne kawai duk da daɗin sunanta, SuperSpeed gigabit 5 ne, SuperSpeedPlus kuma gigabit 10 ko sama. A kwamfutar Mac ana riƙe maɓallin Option a danna tambarin Apple, a shiga System Information, a duba sashen USB da na Thunderbolt, inda ake rubuta gudun kowace na'urar da ke haɗe. Masu Linux kuwa umarnin lsusb -t ya ishe su, domin yana rubuta 480M ko 5000M ko 10000M a ƙarshen kowane layi. Ga wanda bai son duk wannan, lambar samfurin da ke ƙarƙashin laftof, idan aka neme ta a shafin kamfanin, tana kai mutum ga littafin da ya zana kowane rami ya kuma faɗi nau'insa.

Kebul da ma'ajiya

Mutane da yawa suna gano ramin da ya dace, su saka ma'ajiya a ciki, su tarar gudun bai ƙaru ba, sai su yanke hukuncin cewa ramin ya lalace. A mafi yawan lokuta kebul ne mai laifin. Lamarin kamar tankar ruwa ce da aka haɗa wa siririn tiyo, girman tankar ba zai sa tankin gida ya cika da wuri ba. Yawancin kebul ɗin USB-C da ke zuwa da waya na caji ne, a cikinsu babu wayoyin da ke ɗaukar bayanai da sauri, don haka gudunsu megabit 480 ne ko da suna ɗaukar wuta mai yawa. Rubutun 60W ko 100W ko 240W ƙarfin caji yake nunawa, bai shafi gudun bayanai ba. Kebul mai sauri yakan fi kauri, yakan kuma zama gajere, domin tsawo yana raunana saƙon. Na gigabit 10 yawanci bai wuce mita ɗaya ba, na gigabit 40 na yau da kullum kuwa kusan santimita 80 ne, sai masu tsada da aka saka wa ƙwaƙwalwa a kawunansu ne ke kaiwa mita biyu. Wanda ya shiga shagunan titin Falasɗinu a Jidda ko kasuwar kwamfuta ta Olaya a Riyad, kada ya tsaya a cewa yana son wasla ta Type-C, wato kebul ɗin USB-C, ya ce yana son wadda aka rubuta wa 10Gbps ko 40Gbps a kanta ko a kwalinta, ya kuma gani da idonsa. Kebul mai tsawon mita biyu, siriri, mai arha ƙwarai, wanda aka ce yana yin komai, ni dai ba na ba kowa shawarar ya dogara da shi wajen kwasar aiki.

Tsofaffin ma'ajiyoyin waje suna da wani rami mai faɗi da ya rabu gida biyu, wanda ake kira Micro-B na USB 3.0. Tsohon kebul ɗin cajin waya yana shiga ɓangare ɗaya na ramin kuma ma'ajiyar tana aiki, amma a kan gudun USB 2.0, domin haƙoran sauri suna ɗaya ɓangaren da aka bari a buɗe.

Ita ma ma'ajiyar tana da iyakarta. Irin mai faifai da ke juyawa a ciki, wato HDD, ba ta cika wuce megabait 100 zuwa 150 a sakan ba, saboda haka ramin gigabit 5 ya ishe ta har da saura, kuma saka ta a Thunderbolt ba zai ƙara mata komai ba. Irin wadda ba ta da faifai kuwa, wato SSD, nau'in SATA tana tsayawa wajen megabait 550, sai nau'in NVMe ce ke iya cika ramin gigabit 10 ko fiye. Filash masu arha kuwa suna karantawa da sauri amma suna rubutawa a hankali, wasunsu ƙasa da abin da tsohon rami ma ke iya bayarwa, kuma sukan fara da gudu su yi sanyi bayan 'yan sakanni idan 'yar ma'ajiyarsu ta wucin gadi ta cika. Zafin ƙasar nan ma yana da nasa tasirin, domin SSD tana rage gudu da kanta idan ta ɗau zafi, don haka wadda ta wuni a cikin mota a bazarar Makka a bar ta ta huce kafin a ɗora mata aiki. Ƙura kuma takan taru a cikin rami ta hana haƙoran haɗuwa yadda ya kamata. A kashe kwamfutar a hura ramin da iska, kada a sa allura ko wani ƙarfe a ciki.

Gwajin da ke raba gardama shi ne a ɗauki babban fayil guda ɗaya, kamar bidiyo mai gigabait biyar ko fiye, a kwafa shi ta kowane rami ana kallon lambar da Windows ke nunawa a ƙarƙashin More details. Lambar da ta maƙale tsakanin megabait 30 da 40 a sakan alama ce ta cewa wani abu a hanyar yana aiki da USB 2.0, sai a sauya kebul, idan ba a ga canji ba a sauya rami. Kada a yi gwajin da tarin ƙananan fayiloli, domin hotuna dubu goma suna ɗaukar lokaci fiye da bidiyo ɗaya mai girmansu ko da a rami mafi sauri, tunda kowane fayil sai an buɗe masa wuri an rubuta sunansa. Ɗalibin da ke da dubban littattafan PDF ya fi masa ya dunƙule su a fayil ɗin zip kafin ya kwafa. Idan kuma filash ya ƙi karɓar fayil da ya wuce gigabait 4 alhali akwai fili, tsarin FAT32 ne ke kansa, sai a kwashe abin da ke ciki a mayar da shi exFAT.

Sauran ramukan ba su buƙatar dogon bayani. HDMI hoto da sauti yake kaiwa allo, ba a kwasar fayil ta cikinsa. Ramin kebul ɗin intanet yana iya zama mai megabit 100 ko gigabit 1 ko 2.5, kuma mai gigabit yana buƙatar kebul mai cikakkun wayoyi takwas, irin Cat5e ko sama, in ba haka ba ya koma 100. Masu kyamara su juya katin SD ɗinsu su duba bayansa. Mai layin haƙora ɗaya UHS-I ne, iyakarsa a ƙa'ida megabait 104, mai layi biyu kuwa UHS-II ne da ke kaiwa 312, amma sai idan ramin da ke karanta shi ma yana da layi na biyun.

A kwamfutar tebur, ramukan baya da ke manne da babban allon injin sun fi na gaba abin dogaro, domin na gaban ta siririn kebul suke bi zuwa ciki, kuma a injin da aka harhaɗa a shago akan samu shuɗin rami da aka jona a mahaɗar USB 2.0. Na'urar da ke raba rami ɗaya zuwa huɗu ba ta ƙara gudu, raba wanda ake da shi take yi tsakanin duk abin da aka saka mata, don haka ma'ajiya ta shiga jikin kwamfutar kai tsaye. Ramukan USB 2.0 kuma a ba kibod da firinta da ɗan mazugin maus marar waya, wanda dama ya fi zama lafiya nesa da ramin USB 3.0, domin siginar da ramin ke fitarwa yayin aiki tana iya kutsawa cikin zangon gigahaz 2.4 da maus ɗin ke amfani da shi har kibiyar ta riƙa tsalle. Wanda zai sayi laftof ta hannu, ko a haraj, wato kasuwar gwanjo, ko a wurin wani ɗalibi da ya kammala karatu, ya tafi da ma'ajiyarsa da kebul ɗin da ya riga ya san gudunsu, ya roƙi mai kayan ya bar shi ya kwafa fayil ɗaya ta kowane rami kafin a yi maganar kuɗi, domin rami yana iya ci gaba da caji da karanta filash alhali haƙoransa biyar na sauri sun lanƙwashe ko sun mutu.